Sallama Uku

Alhamis ce, Kasuwar Dole ta cika har wuya,
Inna Tsahara ta sauko daga motar Mirriya
da jika goma sha biyu a ƙulle bakin zane,
kuɗin maganin jikarta da ke kwance a Yamai.
Na ƙirga, na danna,
sai rezo ya ɗauke ƙafa.

Ta zauna kan benci tun hantsi har la'asar sakaliya.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Carbi kawai take ja, tana duban hannuna,
ni ina duban wata ƴar da'ira
tana juyawa kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Washegari na aika a kira Kyari,
yaron Birni mai tsani a kafaɗa,
wanda aljihunsa ba ya rabo da guntun waya.
Ya kwance akwati mai ƙaho huɗu,
ya ce, "Baba Ma'azu, wannan baki biyu gare shi.
Na farko wayar da ta biyo turakun titi,
na biyu ɗan sim, ƙanƙane kamar farce.
Amma kada ka saye su gida ɗaya.
Wanda ya ɗaura guga biyu a igiya guda,
ranar tsinkewa tare za su gaida ƙasan rijiya."

Na ce, to wa zai gaya masa na farko ya faɗi,
in ina masallaci, ko na zaga baya?
Ya yi dariya har tsanin ya girgiza.
"Shi da kansa. Sallama yake yi, dare da rana,
a wata ƙofa mai nisa da ba za ka taɓa gani ba.
In an amsa, ya ci gaba da harkarsa.
In ya yi ɗaya shiru, biyu shiru, uku shiru,
ba ya leƙe, ba ya bugun ƙyaure,
sai ya juya ga maƙwabci."

Na ce, ashe ƙarfe ma ya yi makarantar ladabi.

Ya jona batir saboda ranar da wuta za ta yi nata halin,
sannan ya ce in fizge wayar da hannuna.
Na fizge, gabana na faɗuwa.
Koriyar fitila ta mutu.
Numfashi ɗaya. Biyu.
Kafin shayina ya daina tururi
wata ta buɗe ido, ruwan ɗorawa,
saƙo ya wuce kamar ba a yi komai ba.
Da na mai da wayar, ya koma gidansa na fari,
ba gori, ba tone-tone,
ba wanda ya ce, ina kake lokacin da nake nemanka?

Jika uku ne duk wata
don layin da aikinsa barci.
Na yi tsaki. Kyari yana naɗe tsumma ya ce,
"Ciyar da shi ko ba ka bukata.
Layin da aka manta da shi, kamfani kan rufe,
ranar da ka neme shi ka tarar da kango."

Ya tafi. Magariba ta sauka kan duwatsun gari,
na ja ƙofar shago rabi.
Fitilu biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na jira.

Sai na tuna Sanusi a Tanut,
ciki ɗaya muka fito,
damina huɗu ke nan tun rabon gonar Baba
ban ji muryarsa ba, bai ji tawa ba.
Lambarsa na nan ƙasan talho, ta yi ƙura.

Na danna.
Ta yi ƙara sau ɗaya.
Sau biyu.
Na riƙe numfashi, ina ƙirga.