Rabin Buhu

Bara na juye buhun gaba ɗaya
ran da iri ya shiga ƙasa.
Na ce: ci, baƙo, ci ka ƙoshi,
kai sha'ir da ka zo daga Abzin
ƙulle a bakin rawanin Agali,
kada ka koma ka ce Tabalak ta yi maka rowa.

Ya ci kuwa.
Ya yi kore har ya yi duhu,
ya miƙe ya leƙa albasar maƙwabta,
masu jakkai suna tsayawa bakin darni
suna tambayar sunan wannan ciyawa mai girman kai.
Sai dare ɗaya, iska kaɗan, ba ma ta kirki ba,
da safe na iske shi kwance, fangali bayan fangali,
kamar tabarmi bayan an watse daga suna.
Na murza zangarniya a tafin hannu, na hura,
ƙaiƙayi ya tashi ya bar ni da hannuna.
Jikka goma sha takwas na Alhaji Kadri
su kam suna nan tsaye.

Malamin gona ya zo daga Tawa,
siririn yaro, takalminsa ba su san taɓo ba.
Ya tsuguna, ya damƙi ƙasa, ta zube ta tsakanin yatsunsa.
Ya ce: Baba Bizo, garkarka rairayi ce, ba ta da aljihu.
Abin da saiwa ba ta kama ba, ruwa ya gangara da shi,
wanda ka bari a fili, rana ta sha.
Ana ba jinjiri tuwon shekara a zama guda?
Na yi shiru. Tsuntsu ya yi kuka a kan gawo.

Bana rabin buhu na ɗauko, kuɗi hannu.
Zali ta ɗaure bakinsa, ta rataye nesa da randa,
don ure in ya ji laima dutse yake zama.
Kashin tumaki na fara shimfiɗawa.
Ran shuka na ba shi ɗan taɓawa, kamar gishirin miya.
Da ya kwana ashirin da biyar, ya fara fidda ƴaƴa a gindi,
na kashe injin ruwa, na jira ƙasa ta yi sanyi,
da la'asar sakaliya na bi layi da gwangwanin tumatir,
ina yafawa, ina rufewa da ƙafa.

Yanzu ganye nake karantawa, ni da ban yi boko ba.
Na ƙasa ya fara rawaya daga baki:
yunwa ce, ba ƙishirwa ba.
Gaɓa ta kumbura, kai na shirin fitowa,
na ba shi rabonsa na ƙarshe ran Laraba.

Saura tiya guda a gindin buhu.
Jiya da asuba na sa hannu ciki,
farin tsaba mai sanyi, kamar ƙanƙara,
zuciya na cewa ƙara masa, ai kaɗan ne.
Na dubi karan: gajere, tsaye,
gashin kansa na ƙyalli da raɓa.
Na kakkaɓe hannu a riga.

Zali ta ce barkononta na so.
Na ce ta ɗauka,
amma da marfin kwalba za ta auna.