Ƙwallayen Tsamiyar Ponnamma

A tsaunukan Maskeliya, inda hazo ke kwana a kan gonakin shayi,
kakata Ponnamma ta shekara arba'in tana tsinkar ganye,
biyu da toho, biyu da toho,
kwando a baya, igiyarsa a goshi.
Ko harafi ɗaya ba ta taɓa rubutawa ba.
Ranar albashi babban yatsanta take dangwalawa.

Amma a gefen zanenta akwai ƙulli biyu,
a cikinsu ƙwallayen tsamiya, sun yi sulɓi don shafa.
Duk kilon da allurar sikeli ta wuce
sai ƙwallo ɗaya ya bar dama ya koma hagu.

Periyasami mai awo yakan ce,
"Sha takwas, uwa. An cire na buhu, an cire na raɓa."
Ita kuwa ashirin da ɗaya ne a hagunta.
Na buhu ɗaya ne, wannan ta yarda.
Raɓa fa? Rana ta lashe ta tun da hantsi.
To ina biyun suka shiga?

Ni ina aji biyar, ba ma ga-maciji da lissafi.
Malam Sivalingam ya zana jiragen ƙasa biyu a allo,
ɗaya daga Kolombo, ɗaya daga Badulla,
wai a ina za su haɗu.
Na ce a raina, su haɗu inda suka ga dama.

Wani dare, ruwa na dukan kwanon ɗakinmu,
ta zazzage wani gwangwani a kan tabarma.
"Ke mai littafi, ƙirga mini."
Ashe biyu-biyu take warewa kullum,
kwana ashirin da huɗu na aiki.
Na jera, na ninka, na sake don tsoron kure.
Arba'in da takwas.
"Nawa ke nan a kuɗi?"
Na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon fitila.
"Shinkafar mako guda," ta ce,
"da takalmin da nake ce miki sai baɗi."

Ba ta yi faɗa ba.
Ran Asabar ta tsayar da ni gindin sikeli da fensir,
ina kiran lamba da ƙarfi kafin mai awo ya buɗe baki.
Mata suka fara taɓa kafaɗata:
"Malar, duba mini nawa."
Periyasami ya yi tari, ya goge tabarau,
raɓa ta bushe daga littafinsa ran nan.
Ba ta bushe har abada ba, kar in yi ƙarya,
amma ya san akwai idon da ya iya ƙidaya.

Yau farin kaya nake sawa a asibitin Dikoya.
Nauyin yaro ke gaya mini yawan maganinsa,
ɗigon alƙalami ɗaya in ya kauce
sai cokali ya zama ludayi.
Ba na wasa da sifiri.

Bara aka kawo ta, ta yi sauƙi kamar kwando ba ganye.
Likita ya rubuta rabin lita cikin awa huɗu.
Na buga a kaina: ɗigo arba'in da biyu a minti.
Na saita, na tsaya da agogo.
Na ɗauka barci take,
sai na ga yatsunta na motsi a gefen mayafi,
daga dama zuwa hagu, daga dama zuwa hagu,
babu ƙwallo, amma hannun bai manta ba.

"Nawa ya kamata?" ta tambaya, ido a rufe.
Na faɗa.
"Duba da kyau, kamar an rage mini."
Na sake ƙirgawa. Arba'in ne.
Biyu kuma!
Na murɗa, muka yi dariya har ta sarƙe.

Gwangwanin na kan tagata yanzu.
Jiragen malam kuwa,
har yau ban san inda suka haɗu ba.