Gashin Dare a Yongsan

A hawa na huɗu, can ƙuryar kasuwar Yongsan,
inda shaguna goma suka rufe, biyu suka rage,
Dattijo Pyo ya miƙo mini sandunan memori huɗu,
sirara, koraye, haƙoransu na zinariya.
Ya ce, “Ye-rim, ɗanyu ne. A gasa su.”

Mai su, Gil-su, yana magana ƙafarsa na rawa.
Gudu yake nema, sama da wanda aka rubuta a kwali,
ranar Asabar zai kara da wasu a Busan.
Gasa ce a bakinsa, gasa ce a namu,
tasa ta ’yan wasa, tamu ta wuta.

Na ɗaga musu gudu, taki ɗaya, taki biyu,
na ƙara lantarki kaɗan, kamar gishiri a miya,
na toshe hancin fanka da guntun kwali
don zafi ya rasa ƙofar fita.
Sannan na saki gwaji.
A rubuta ɗaya, a dawo a tambaya.
A rubuta sifili, a dawo a tambaya.
Ɗaki bayan ɗaki, ɗakunan da ba sa ƙirguwa,
kowanne a ba shi ajiya,
a zagayo a ce, ina amanata?

Tukunyar da ba ta sha wuta ba, in ji dattijo,
kyanta na rana guda ne.
Gara ta tsage a hannun magini
da ta tsage ruwa na ciki.

Jirgin ƙarshe ya haye kogin Han.
Dusar ƙanƙara ta fara taruwa a bakin taga,
taliyata ta huce a kofin takarda,
ma’aunin zafi ya hau, ya hau, ya tsaya.
Allo shuɗi ne fes, kuskure: sifili.
Dattijo ya yi barci a kujera, tabarau a goshi,
sukundireba a aljihun gaba.

Aka kwana, aka wuni.
A awa ta goma sha tara
sai ga jan layi guda.

Guda tak.
An ba wani ɗaki ɗaya, ya mayar da sifili,
bai ma san ya yi ƙarya ba.

Yatsana ya je kan maɓallin gogewa ya zauna.
Wa ya gani? Bayana na ciwo,
kuɗin haya na jiran won ɗin Gil-su.

“Nawa?” Ashe idonsa biyu.
Na ce, “Ɗaya.”
Ya ce, “Ɗayar nan ta san hanyar Busan,
za ta riga shi isa, ta kama kujera.
Sauke taki guda. A koma farko.”

Na sauke. Gudu ya ragu da abin da ido ba zai gani ba.
Ƙirga ta koma sifili.

Ya tashi, gwiwa na ƙara, ya zuba shayin sha’ir,
ya riƙo kofi da hannu biyu, ya ce,
“Sha da zafinsa, Sun-hwa.”

Shekarata uku a shagon nan,
bai taɓa tuntuɓe a sunana ba.
Sun-hwa tana cikin hoton da ke bayan kanta,
da rigar makaranta, launin ya koɗe.

Ya tsaya, kofi a tsakaninmu,
yana laluben wani abu a fuskata.
Fanka na huci a bayan kwali.

Ban gyara masa ba. Na karɓa, na kurɓa.
Na ce, a hankali fiye da yadda na saba,
“Zagaye na farko ya wuce lafiya.”
Ya gyaɗa kai, ya jawo kujera kusa da tawa,
muka zuba wa allo ido,
saura awa ashirin da uku.