Kiɗan da Ba Shi da Hoto

Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin sama
a silimar unguwar Bonfim, nan birnin Porto,
ni da majigi da 'yar tagar leƙe.
Kiɗanka, Leopoldo Varandas, ta bango yake iso mini,
rabi a kunnena, rabi ƙugin inji na cinyewa.

Na san ka tun ba ka yi furfura ba.
In jarumi zai mutu, kai kake fara sani,
gogenka ya sassauta murya
tun harsashi bai bar bindiga ba.
In masoya za su rabu a tashar jirgi,
sarewarka ke riga su ban kwana,
mata a ƙasa na laluben hankici,
ni a sama ina canza faifai, ina murmusawa.

An rufe silimar. Yau takalma ake sayarwa a ciki.

Jiya jikata Benedita ta zo da tikiti biyu.
Ta ce, "Kaka, mutuminka ya yi sabon kiɗa,
wannan karon ba fim, ba allo, ba jarumi."
Na ce, "Wa ya taɓa ganin inuwa ba mai ita?"
Na dai sa kwat ɗina mai maɓalli ɗaya na lilo,
muka gangara cikin yayyafi,
tana riƙe da hannuna, gwiwata na tsinuwa.

Makaɗa tamanin. Na ƙirga, biyu suka ɓace, na sake.
Wata 'yar siririya ta hau da tsinke a hannu,
ta ɗaga shi,
zauren ya haɗiye tarinsa.

Ba da tsawa ka buɗe ba.
Algaita ɗaya ce, can baya,
kamar mai kiran kwalekwale daga ƙetaren Douro
tun gari bai gama wayewa ba.
Manyan goge suka amsa daga ƙirji,
ƙanana suka biyo su a guje
kamar yara an tashi makaranta.
Idona ya yi ta neman farin allo,
sabo turken wawa,
babu komai sai ƙeyar mutane.
Na gaji, na runtse shi.

Ashe nan ka ɓoye fim ɗin!
Ga Ermelinda a baranda tana shanya,
iskar teku na fizgar zanen gado,
tana yi wa iskar faɗa, tana dariya,
kumfar sabulu har guiwar hannu.
Shekara tara tana daskare a jikin bango,
cikin katako da gilashi,
kai ka sa ta motsawa.

Ba zan ɓoye maka ba, tsoho:
tsakiyar ta yi tsawo.
Kakakin nan da tamburan nan,
hannunka ne ya tuna fagen yaƙi
ya koma gidan jiya.
Wani a bayana ya yi hamma, ban ga laifinsa ba.

Amma ƙarshen, ai ƙarshen!
Ka dinga sallamar su ɗaya bayan ɗaya
yadda nake kashe fitilu in dare ya raba,
har ya rage algaitar nan kaɗai,
ita ma ta ja numfashi, ta ƙi ƙarasawa.
Shirun da ya biyo, na san shi:
shirun da ke sauka in zaren fim ya ƙare,
wutsiyarsa na kaɗawa a duhu.

Tafi ya ɓarke. Ka miƙe daga layi na uku,
ɗan guntu, da sanda, da na'ura a kunne.
Ashe kai ma rabi kake ji yanzu.
Ban tafa ba. Hannuna na can
yana laluben faifai na gaba.

A hanya Benedita ta ce, "To, me ka ji?"
Na ce, "Kakarki na gani.
Har yanzu ba ta gama shanya ba."