Layin Jikin Katanga

Shekara ashirin da bakwai ina haya a Mokoyo,
ko ƙusa zan buga sai na tambayi mai gida.
Ran da na sayar da tsohuwar tifata
ban zame ko'ina ba sai Madarumfa.

Nomau dillali ya ce: ɗaki uku, zaure, rijiya,
ga gawo kyauta.
Bai ce uffan ba kan zanen jikin katanga,
wani baƙin layi daidai gwiwata.
Tsohuwa Barira ce ta nuna shi da sanda:
"Nan ya tsaya bara waccan.
Baƙo ne mai kunya, yakan koma."

Na rage jikka ɗari biyu saboda layin.
Ta ƙara hamsin saboda iskar la'asar.
Aka buga hatimi,
shaidu uku suka dangwala yatsa,
tafki kuwa babu wanda ya kira shi.

Yanzu ba ƙarar mota ke tashe ni ba,
filafilin Arzika ne yake yankan ruwa,
da mata masu cinikin karfasa tun da sanyin safiya.
Sauro ma yana karɓar harajinsa.
Matata har yau kewar famfo take,
ko da yake ta shuka yakuwa a bayan ɗaki.

Jiya na buga ƙusa, ban tambayi kowa ba,
kamu biyu sama da layin,
na rataye takardar gida cikin leda.
An ce gulbin Gabi ya taso.
Na fito da kujera ƙofar zaure
ina jiran maƙwabcina.