Ƙwallo Uku

Kwana ɗaya da yanka, hawa na biyu,
ɗaki mai taga da ke kallon Garki,
ina kwance kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke.
Ni Uwani, mai tuwon ma'aikata,
shekara goma sha tara ina cika cikin mutane,
yau nawa cikin bai wuce ayaba guda ba,
cokali biyu na ruwa, ya ce ya gode.

Ba yunwa ce ta dame ni ba.
Numfashi ne.
In na ja iska, sai ramuka biyar na cikina su farka,
kowanne da haƙoransa.
Sai na koyi satar iska kaɗan-kaɗan,
kamar mai kurɓar kunun da bai huce ba.

Rifkatu ta shigo da hantsi, takalminta ba ya ƙara.
Ta ajiye mini wani abu kamar na wasan yara,
ƙwallo uku a ɗaki uku na roba.
"Mama, ja iska, ki ɗaga su."
Na ja. Ta fari ta yi ɗan tsalle ta koma ta zauna
kamar mai sayen da ya ji farashi.
"In huhu bai buɗe ba," in ji ta,
"majina za ta kama haya a ciki, kuma ba ta biyan kuɗi."

Sai ta fito da ɗan akwati, bai kai rediyon maigadi ba,
waya biyu, faci huɗu masu danƙo.
Na ce, wuta? A jikina?
'Yar nan, firiza ta taɓa wurgi da ni har bakin ƙofa,
har gobe da tsumma nake buɗe ta.
Ta yi dariya. "Batir ne, Mama, ba wutar gari ba.
Makunnin ma a hannunki zan bar shi."

Ta manna su a gefen ɗinki, ba a kansa ba.
Na yi bisimilla na murɗa.
Shiru.
Na ƙara.
Sai ga kiyashi sun fito a ƙarƙashin fata,
jerin gwano, ba cizo,
tafiya kawai suke, suna kai suna komo.
"Jijiya kamar titin Nyanya ce da yamma," in ji Rifkatu,
"in ƙananan motoci suka cika hanya,
tirelar ciwo dole ta jira."

Ban ce ya tafi ba.
Ƙarya ba ta da ranar amfani a gadon asibiti.
Yana nan, ya dai koma ƙarshen layi,
ya bar ihu ya koma gunaguni,
kuma da dare ya yi ban ƙi allura ba.

Amma a cikin wannan ɗan sararin
na sa bututu a baki, na ja,
na ja kamar mai janyo guga daga rijiyar rani.
Ta fari ta hau ta manne a sama.
Ta biyu ta yi shawara, ta yi shawara,
ta bi ta.
Ɗana Nafi'u ya saki wayarsa a ƙasa,
ya manta da hoton da zai ɗauka.

Na rungume matashi na yi tari,
tarin farko da ban nemi gafarar cikina ba.
Na taka har taga, wayoyi na bina kamar jela.
Can ƙasa wata tana hura gawayi,
na san ƙamshin tun kafin ya iso.

Ladidi ta kira daga rumfa:
daddawa nawa za a sa a miyar gobe?
Na faɗa mata a numfashi ɗaya, ban yanke ba.

Ta ukun tana nan zaune a gindin roba,
ko gezau.
Bari ta zauna.
Na saba da masu taurin bashi,
kuma Rifkatu ta ce da la'asar za ta dawo.