Gwabar Dadin Kowa

Wata uku da zuwana Gombe,
ban san kowa ba sai mai gadin asibiti da mai shayi.
Dijatu ta ce, ran Asabar ki shirya,
kaka ta yi, gwaba ta nuna a lambun kawuna,
har tana zuba ba mai tsinta.

Ni 'yar Nguru ce. A wajenmu
ɗan itace sai ka ɗaga kai har wuya ya ƙage,
goruba sai da jifa, dabino sai mai hawa.
Gwaba kuwa a faranti na san ta,
bakin tasha, uku ɗari biyu,
an yayyafa mata ruwa tana ƙaryar ƙuruciya.

Muka bi gefen dam, ruwa ya cika ya batse.
Laka ta riƙe takalmin da na ci ado da shi.
Baba Lamuwa ya dube shi, ya dube ni,
ya miƙo silifas ɗin jikarsa,
ƙafar dama shuɗi, ta hagu kore.

Itacen farko bai fi ni tsawo ba sosai.
Na hango babba, na cafka, na fizga,
reshe ya ce ƙas, ya taho da ɗanyu uku.
Kunya ta rufe ni.

Ya ce, ba a kokawa da ita, 'yar nan.
Fara da hanci.
Ki tallabe ta, ki murɗa kaɗan,
in ta yarda za ta biyo ki,
in ta ƙi, ba taki ba ce yau,
ta mai zuwa Laraba ce.

Na koyi neman wadda ta fara rawaya a gindi,
na koyi cewa jemage ya riga kowa sanin mai zaƙi.
Cinnaka ya shiga hannun rigata, na yi rawa babu ganga.
Na gatsa wata, cikinta ja kamar dasashi,
rabin tsutsa na yi mini sallama.
Yara suka faɗi ƙasa don dariya,
ƙaraminsu ya ce, Anti, ita ma gwabar ta ci ta girma.

Da la'asar aka ƙirga kwando.
Na ce a haɗa da bakwai da na ci.
Baba ya ce abin da ya wuce maƙogwaro ba shi da mudu.

Da dare ɗakina na Tumfure ya ɗauki ƙamshi,
har labule, har littafin allura.
Sittin da huɗu, ni kaɗai, kuma ba ta jira.
Na cika kwano na buga ƙofar da nake wucewa kullum.
Ashe sunanta Rifkatu, ashe tana da tsiya.
Ƙofa ta biyu ta maido kwanon da dafaffiyar gyaɗa.

Sai da zan yi alwala na dubi ƙafata,
dama shuɗi, hagu kore.
Takalmina yana can gindin gwaba yana shan raɓa.
Laraba ba ni da aikin safe.